Sulhun Wikipedia: Alƙalin da Ba Ya Karɓar Sheda Sai Mai Takarda

A watan Satumba na 2012 marubucin nan na Amurka, Philip Roth, ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Wikipedia, aka buga ta a mujallar The New Yorker. Kukansa a kan littafinsa ne, The Human Stain, wanda ya fito a 2000. Shafin da ke bayanin littafin ya kawo ra'ayin wasu manazarta cewa tauraron labarin, Coleman Silk, an gina shi ne a kan rayuwar wani ɗan jarida mai sharhin littattafai, Anatole Broyard. Roth ya ce sam ba haka ba ne: abin da ya tayar masa da labarin wani lamari ne da ya auku ga abokinsa Melvin Tumin, malamin jami'ar Princeton. Ya nemi a gyara ta hannun wani wakilinsa, sai aka ba shi amsar da ta harzuƙa shi. A yadda shi kansa ya ruwaito, an ce masa an yarda marubuci ya fi kowa sanin aikinsa, amma dai ana buƙatar majiya ta biyu, wato abin da aka buga a wani wuri. Da wasiƙarsa ta fito a mujalla, sai ta zama ita ce majiyar, aka gyara shafin ba tare da ɓata lokaci ba.

Mu da muka tashi da cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, za mu yi saurin bin bayan Roth. Ni ban bi shi ba gaba ɗaya. Wanda ke zaune bayan kwamfuta ba ya da hanyar tabbatar da cewa mai wannan saƙo da gaske wakilin Roth ne, kuma ko da shi ne, duk mai nazarin adabi ya san marubuta kan manta, kan ƙawata, wani sa'in kan ɓoye inda suka ɗebo ruwa. Shafin ma bai yi ƙarya ba da ya ce manazarta sun faɗi kaza, domin sun faɗa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda aka warware rigimar. Maganar Roth ba ta ƙaru da komai ba tsakanin ranar da aka ƙi ta da ranar da aka karɓe ta. Mujalla kawai ta samu ta hau. To, mutum nawa ne a doron ƙasa za su iya kiran The New Yorker ta buga musu kukansu?

Wannan tambayar ce nake son mu ɗauka mu auna tsarin sulhun Wikipedia da ita, domin tsari ne da ke yanke hukunci kullum a kan abin da miliyoyin ɗalibai za su ɗauka a matsayin sani, har da namu.

Sai dai kafin suka, a ba shi haƙƙinsa. Tun da aka buɗe kundin ranar 15 ga Janairu 2001, kowa na iya shiga ya gyara, kuma duk wanda ya san halin ɗan Adam zai yi tsammanin abin ya watse cikin shekara guda. Bai watse ba, saboda sun gina wa faɗa matakala. In ka yi gyara wani ya mayar da shi yadda yake, ba a son ka sake mayarwa. Kowace maƙala tana da shafin tattaunawa a bayanta, can ake son ku je ku baje hujja. Wanda ya mayar da gyaran wasu fiye da sau uku a shafi ɗaya cikin sa'o'i 24, ana iya rufe masa ƙofa na wani lokaci, ko da kuwa shi ke da gaskiya. In mutum biyu sun kasa daidaitawa, su kira na uku wanda ba ruwansa da maganar. In abin ya faskara, a yi shela ga jama'a su zo su faɗi ra'ayi, yawanci har kwana 30, sannan wani da bai tsoma baki ba ya zo ya auna hujjojin, ba wai ya ƙirga kawuna kawai ba. In ƙura ta yi yawa, mai gudanarwa ya kulle shafin a yadda ya same shi. Su kansu ƴan Wikipedia suna da barkwancin cewa duk shafin da aka kulle, a kan gurguwar siga aka kulle shi, tunda dole ɓangare guda ya ce haka. A can ƙololuwa kuma, a sashen Ingilishi, akwai kwamitin yanke hukunci da Jimmy Wales ya kafa a ƙarshen 2003. Abin lura game da wannan kwamiti shi ne ba ya cewa wane ne ke da gaskiya a kan abin da ake gardama. Halayya yake dubawa: wa ya yi zagi, wa ya yi taurin kai, wa ya zo da sunaye biyu yana goya wa kansa baya.

Duk wanda ya taɓa zama a zauren mai unguwa ana raba rigimar iyakar gona zai ga hikimar wannan. Sau da yawa ba gaskiyar ƙarshe ake nema ba, abin da ake nema shi ne a sauke sanduna, kowa ya koma noma kafin damina ta wuce.

Misalin da ya fi nuna gwanintar tsarin, ya kuma nuna inda ɗinkinsa yake, shi ne na wani birni a gaɓar tekun Baltik. Mutanen Polan suna kiransa Gdańsk, Jamusawa suna kiransa Danzig, kuma kowane suna ɗauke yake da kaburbura. An shafe shekaru ana canja sunan gaba da baya a ɗaruruwan maƙaloli, har a farkon 2005 aka yi ƙuri'a. Hukuncin da ya fito: daga 1308 zuwa 1945 a rubuta Danzig, kafin nan da bayan nan a rubuta Gdańsk, kuma a ambaton farko a sa ɗaya sunan a gefe. Da wannan sai ya zama marubuci Günter Grass a Danzig aka haife shi a 1927, Lech Wałęsa kuwa a Gdańsk ya jagoranci yajin aikin ma'aikatan ƙera jiragen ruwa a 1980, alhali ƙasa ɗaya suka taka. Masanin tarihi zai iya ɗaga hannu ya ce ai tun daga tsakiyar ƙarni na 15 har 1793 birnin yana ƙarƙashin sarautar Polan, me ya sa za a kira shi da sunan Jamusawa? Tambaya ce mai nauyi, kuma ƙuri'ar ba ta amsa ta ba, tsallake ta ta yi. Amma faɗan ya lafa. Haka aka yi a Arewacin Ailan: birnin a kira shi Derry, gundumar a kira ta Londonderry, kowa ya tafi da rabin abin da yake so.

Na yaba da wannan. Amma a lura da sharaɗin da ya sa sulhun ya yiwu. Ɓangarorin biyu duk suna wurin. Kowannensu yana da jami'o'i, da maɗaba'o'i, da taswirori na ɗaruruwan shekaru, da matasa masu wutar lantarki dare da rana waɗanda za su iya kwana suna jayayya. Kokawa ce tsakanin ƙarfafa biyu, alƙalin wasa kawai ake buƙata. Tsarin bai taɓa nuna ya san abin da zai yi ba idan ɗaya ɗan kokawar bai iso fili ba, ko ya iso amma aka ce layarsa ba ta cikin waɗanda doka ta sani.

Mu ma garuruwanmu suna da sunaye bibbiyu, kuma a nan maganar ta shigo gida. Yamai da Niamey, Tawa da Tahoua, Dogon Dutsi da Dogondoutchi, Damagaram da Zinder. Ƙa'idar sashen Ingilishi ita ce a bi sunan da ya fi yawa a ingantattun majiyoyin harshen. Da ita aka daɗe ana rubuta Kiev, sai a Satumban 2020 aka koma Kyiv bayan manyan jaridu sun riga sun koma. A Ingilishi ko Faransanci wannan ba laifi. Amma ɗauko ƙa'idar ka dasa ta a Hausa yadda take, ka ce a ƙirga abin da aka buga. Sunan Zinder ya shiga littattafan Turai tun zamanin matafiya irin su Heinrich Barth, wanda ya sauka garin a ƙarshen 1852, ya kuma zauna daram a takardun mulki lokacin da garin yake hedikwatar Nijar kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Sunan Damagaram kuwa yana bakin direbobi a tasha, da bakin mawaƙa, da bakin uwar da ke cewa ɗanta ya tafi can karatu. In ma'aunin takarda ne, an san wanda zai rinjaya. In ma'aunin masu harshen ne, shi ma an sani. Tsarin sulhun ba ya da awo na biyun.

Ko harafin da nake rubutu da shi abin gardama ne. A Nijar muna rubuta ƴaƴa da ƴ mai lanƙwasa, a Nijeriya an fi rubuta 'ya'ya da waƙafi a sama. Masu Ingilishi sun sha irin wannan tsakanin rubutun Ingila da na Amurka, har kalmar da suke kiran kindirmo da ita ta ci musu shekara takwas ana jan harafi guda, daga 2003 zuwa 2011. Maganin da suka samo shi ne a bar maƙala a kan salon wanda ya fara rubuta ta da gaske, sai in batun ya shafi ƙasa ɗaya kai tsaye. Adalci ne tsakanin Landan da Niyok. Tsakanin Kano da Maraɗi kuwa, inda yawan masu rubutu da arahar intanet ba ɗaya ba, "wanda ya riga" kusan kullum mutum guda ne. Rabin ƙa'idar na biyu shi ne abin riƙewa: maƙalar da ta shafi Gobir ta Tsibiri ko Katsinar Maraɗi ta ɗauki rubutun mutanenta. Amma sai wani ya tsaya ya nema, ba za ta zo da kanta ba.

Suna da harafi ƙananan abubuwa ne idan aka gwada su da maganar sheda. Ɗauki Sarauniya Mangu ta Lugu, a ƙasar Arewa, wadda ta tari ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, ayarin da ya bar gawawwaki da toka a Birnin Ƙonni da garuruwa da dama kafin sojojinsa su juya wa shugabannin nasu a watan Yuli. A ce editoci biyu sun saɓa a kan abin da ya faru a Lugu. Me alƙalin zai karɓa? Zai karɓi rubutun hafsoshin Faransa, waɗanda suka ambace ta a taƙaice da sunan wata tsohuwar matsafiya. Zai karɓi sharhin da aka yi a kan ƙagaggen labarin Abdoulaye Mamani, Sarraounia, na 1980, da fim ɗin da Med Hondo ya yi daga gare shi a 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Littafin Mamani aikin adabi ne mai daraja, amma adabi ne: ya ƙera jarumar da zamaninsa ke buƙata, kuma hakkinsa ne. Abin da alƙalin ba zai karɓa ba shi ne bakin mutanen Lugu, waɗanda sarautar Sarauniya ta ci gaba a cikinsu bayan 1899, sai fa in wani mai bincike ya je ya ji, ya koma ya buga, galibi da Faransanci. Ka ga abin takaici: maƙiyinta sheda ne, wanda ya ƙaga ta sheda ne ta bayan gida, zuriyarta kuwa "bincike na kai" ne, wanda doka ta haramta.

Haka abin yake a ko'ina cikin tarihinmu. Tarihin sarakunan Kano ya samu kujera a teburin masana na duniya ne bayan H. R. Palmer ya buga fassararsa a 1908. Tarihin Damagaram na ƙarni na 19 ana iya kafa hujja da shi saboda André Salifou ya zauna da dattawa ya fitar da littafi a 1971. Na Adar kuma saboda aikin Djibo Hamani. Allah ya saka musu. Amma abin da suka ɗebo cikin cokali ne daga rijiya. Sauran ruwan, a idon wannan tsari, babu shi. Bahaushe ya ce gani ya kori ji. A nan bugu ne ya kori gani da ji baki ɗaya.

Masu kare tsarin suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Suna cewa in aka buɗe ƙofa ga "kakana ya gaya mini", gobe kowane gida zai wayi gari da kakan da ya ci yaƙi shi kaɗai, kowace masarauta ta girmi maƙwabciyarta da shekara ɗari. Gaskiya ne, mun san halinmu a kan asali da sarauta. Inda na saɓa da su shi ne ɗaukar da suka yi cewa zaɓi biyu ne kawai: takarda ko hargitsi. Almajirin da ya yi karatun zaure ya san akwai hanya ta uku, domin malaman hadisi sun shafe ƙarnoni suna tace maganar baka: wa ya ji daga wa, shin sun yi zamani ɗaya, shin an san shi da riƙo ko da mantuwa, shin wani ya ruwaito irinta ta wata hanya dabam. Ruwaya ba ta zama ƙarya don ba a buga ta ba, kuma ba ta zama gaskiya don an buga ta. A 2011 wani ɗan Indiya, Achal Prabhala, ya gwada wani abu mai kama da haka da tallafin gidauniyar Wikimedia: aka ɗauki muryoyin mutane a ƙauyukan Indiya da Afirka ta Kudu suna bayanin wasannin yara da abin sha na gargajiya, aka ajiye sautin inda kowa zai iya saurara, aka kafa hujja da shi a maƙaloli na harsunan Hindi da Malayalam da Sepedi. Gwajin ya nuna abin yana yiwuwa. Babban sashen Ingilishi bai sauya ƙa'idarsa ba, kuma ƙananan sassa da yawa sun ci gaba da kwafo dokokinsa kamar saukakku ne, alhali kowane sashe yana da ikon tsara nasa a wannan fanni.

Akwai aibi na biyu, wanda a ganina ya fi na farko haɗari gare mu, domin ba ya ƙara. Tsarin yana ɗaukar shiru a matsayin yarda. In ka yi gyara ba wanda ya tanka, an ɗauka jama'a sun amince. In ana gardama ɗaya ya daina zuwa, wanda ya rage shi ke da fili. Ba a tambayar dalilin shirun. Wataƙila kuɗin datarsa ne ya ƙare, wataƙila wuta ce aka ɗauke kwana biyu, wataƙila ya tafi gona. Wataƙila kuma tarbiyya ce: an koya masa cewa ba a ja-in-ja da wanda ya girme ka, kuma mai gudanarwa a idonsa babba ne. Abin da mu muke kira kawaici, mu yaba wa mai shi, shi ne wannan alƙali yake rubutawa a matsayin "ya janye ƙararsa". Don haka mai nasara a yawancin rigingimu ba lalle ne ya fi hujja ba, ya fi zama ne. Mai haƙuri yakan dafa dutse, amma a nan mai naci ne ke shan romon.

In ana son ganin ƙarshen wannan hanya, a dubi abin da ya fallasa a Agustan 2020 game da sashen harshen Sikot na ƙasar Sikotlan. Aka gano wani matashi Ba'amurke, wanda ba ya jin harshen, ya rubuta maƙaloli sama da dubu 20 a cikinsa cikin shekaru kusan bakwai. Ingilishi yake ɗaukowa ya sauya wa kalmomi riga da taimakon ƙamus. Ba mugu ba ne, tun yana yaro ya fara, da niyyar taimako. Har ya zama mai gudanarwa. Matakalar sulhun nan duka tana nan, amma ba ta yi aiki ba, domin ba a yi faɗan da zai tayar da ita ba: masu harshen ba su wurin. Duk wanda ya karanta irin Hausar da na'urar fassara ke amayarwa a intanet yau, inda jimla ke tafiya da ƙafar Turanci sanye da hular Hausa, ya san wannan labari ba na nesa ba ne. Maƙalar da aka yi wata guda ana rigima a kanta ta fi wadda ba wanda ya taɓa leƙawa lafiya, nesa ba kusa ba. Rigima alama ce ta cewa abin yana da masu shi.

Shi ya sa ban ga amfanin mu tsaya gefe muna cewa kundin na Turawa ne ba. Yaranmu suna buɗe shi ko mun so ko mun ƙi, kuma na'urorin da ke amsa tambayoyi a wayoyinsu daga cikinsa suke ɗiba. Abin da ya rage shi ne masu rubutu da Hausa su daina ɗaukar dokokin sulhun a matsayin abin da aka gama. Sashen Hausa yana iya zama ya rubuta cewa sunan gari shi ne wanda masu harshen ke kira, a sa na hukuma a gefe. Yana iya cewa ba a rufe muhawara cikin mako guda, tunda an san yadda wuta da data suke a ƙasashenmu, kuma kafin a rufe sai an aika wa wanda ya yi shiru saƙo. Yana iya amincewa da sautin da aka ɗauka, aka faɗi sunan mai magana da garinsa da ranar ɗauka, aka ajiye shi a wurin da kowa zai iya komawa ya ji, a rubuta shi a matsayin "wane ya ce", ba a matsayin hukunci ba. Kayan ma ba sai an fara tarawa daga farko ba. Cibiyar CELHTO da ke Yamai an kafa ta tun 1968 don tattara tarihin baka, cibiyar IRSH ta jami'ar Abdou Moumouni tana riƙe da rubuce-rubucen ajami da na Larabci, ga kuma abin da gidajen rediyo suka ɗauka na hirarrakin dattawa da makaɗa shekara da shekaru. Yawancin waɗanda ke magana a cikin waɗannan faya-fayai sun riga mu gidan gaskiya, kuma ba ɗayansu da zai rubuta wa The New Yorker wasiƙa.